Yadda Allah Ya Yi Jinyar Bawansa Iliya: Wa'azi a Kan Gajiya da Hutu



Idan muka gaisa da safe mukan tambayi juna gajiya, amsar kuwa a bakin kowa take: babu gajiya. Haka muka gada, haka ladabi ya koya mana. Amma firistoci da katikis da shugabannin zumunta, waɗanda jama'a ke tsayawa su gani bayan an tashi daga Misa, sun san akwai gajiya, mai yawa kuwa. Magidanci yana kwana yana juyi a kan kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Uwa takan tashi tun asuba, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Manomi yana tunanin taki, a wasu yankunan ma yana tsoron zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga. Saurayi ya gama karatu, takardarsa tana cikin akwati.

Sau nawa muka raka ɗan'uwa kabari, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, aka ce lafiyarsa ƙalau, faɗuwa kawai ya yi? Sau nawa kuma bayan jana'iza aka shiga nuna wa wata tsohuwa ko wani maƙwabci yatsa, alhali marigayin ya yi shekaru jininsa yana hawa ba wanda ya auna? Wannan ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana a kan hutu da kula da jiki. Waɗansu suna ɗaukar hutu ragwanci ne. Waɗansu kuma suna ganin duk wanda ya ce ya gaji bangaskiyarsa ce ta raunana. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba.

Annabi a ƙarƙashin itace

Mu buɗe Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 18 da 19. Annabi Iliya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450. Ya yi addu'a, wuta ta sauko daga sama. Ya sake yin addu'a, ruwa ya sauko bayan dogon fari. Ya sha ɗamara ya yi gudu a gaban karusar sarki Ahab har Yezreyel. Babu wanda zai ce mutumin nan ba shi da bangaskiya. Amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙo cewa za ta kashe shi, sai zuciyarsa ta karye. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Mu lura da abin da Allah ya yi masa. Bai tsawata masa ba, bai kuma tuna masa da mu'ujizar jiya don ya kunyata shi ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi ya tashe shi, sai ga gurasa da aka toya a kan duwatsu masu zafi da butar ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. Mala'ikan ya komo karo na biyu ya sa shi ya ƙara ci, domin tafiyar da ke gabansa mai nisa ce. Sai bayan barci biyu da ci biyu da tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb, Allah ya yi masa magana. A can ma iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, muryar Allah kuwa ta zo masa ne cikin tsit, a hankali. Iliya ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage. Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya keɓe Elisha, wanda ya zama mataimakinsa da magajinsa.

Ga maganin da Allah da kansa ya ba bawansa: barci, abinci da ruwa, tafiya, shiru, da abokin aiki. Wanda ya gina jikin nan daga ƙurar ƙasa ya san iyakarsa, ba ya kuma raina bukatarsa.

Abin da damuwa ke yi wa jiki

Likitoci sun bayyana cewa idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki waɗansu sinadarai cikin jini, ana kiransu adirinalin da kotizol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kare kansa. Shirin Mahalicci ne, saboda wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Maciji yakan wuce, jiki ya koma daidai. Bashi kuwa ba ya wucewa kamar maciji. Rigimar gida da tsoron gobe suna kwana da mutum su tashi da shi, jiki ya zauna cikin shirin yaƙi wata da watanni. Daga nan sai ciwon kai, ciwon wuya da baya, ɓacin ciki, rashin barci, mantuwa da saurin fushi. Doguwar damuwa tana kuma taimaka wa hawan jini, shi kuwa hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko na ƙoda.

Littafin Sirak, a sura 30 da 31, ya riga ya faɗa mana cewa kishi da fushi suna rage kwanakin mutum, damuwa tana kawo tsufa tun lokaci bai yi ba, rashin barci saboda dukiya kuma yana cinye jiki. Hausawa suka ce jiki magayi. In ya fara gaya mana, mu saurara. Kowane baligi ya je a auna jininsa ko da yana jin ƙalau. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to, ya ga likita, ya kuma riƙe maganin da aka ba shi ba fashi. Muna roƙon majalisun farish su shirya da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, a riƙa auna jama'a a harabar majami'a bayan Misa ko da sau ɗaya a wata.

Ranar Ubangiji

Hutu yana cikin Dokoki Goma, a jere ɗaya da hani ga kisa da sata. A Maimaitawar Shari'a sura 5, dokar ta haɗa da 'ya'ya, da bayi maza da mata, da baƙo, har da sa da jaki. Dalilin da aka bayar shi ne Isra'ilawa sun taɓa zama bayi a Masar, inda babu ranar hutu. Bawa ne ba ya hutawa. Ɗan Allah yakan ajiye fartanya yini guda cikin bakwai, ya shaida da haka cewa duniya tana hannun Ubansa, ba a kan wuyansa take ba. A wasiƙarsa ta 1998 a kan Ranar Ubangiji, Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tuna wa Ikilisiya cewa Lahadi ranar sujada ce, ranar murna da hutu da zumunci kuma.

Mu tambayi kanmu, wa yake hutawa a gidanmu ran Lahadi? In maigida ya miƙe ƙafa a inuwa, uwargida kuwa tana murhu tun dawowa daga Misa har dare, yarinyar da ke yi mana aiki tana wanki, yaron shago yana kasuwa, dokar nan ba ta shiga gidan ba tukuna. Sai a dafa abin da za a iya dafawa tun Asabar, maza da yara su sa hannu. Mu duba kuma yadda Lahadi ta cika da taro: taron zumunta, taron kwamiti, taron 'yan gari, bikin tara kuɗi, har mutum ya shiga Litinin a gajiye fiye da yadda ya fita daga Asabar. Shugabannin ƙungiyoyi su taƙaita zama, su fara a kan lokaci, su sallami mutane su koma ga iyalansu. Ikilisiya ta san akwai waɗanda talauci ko hidimar jama'a ke tilasta wa aiki ran Lahadi, kamar masu jinya da masu tsaro. Katikisim bai ɗora musu laifi ba, amma ya bukace su su keɓe wani lokacin domin hutu.

Ubangijinmu Yesu ya yi haka da almajiransa. A Markus sura 6, da suka dawo daga wa'azi, jama'a suna kai da komowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, sai ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta. Marasa lafiya ba su ƙare ba a ranar, aiki bai ƙare ba, duk da haka ya janye su. A sura 4 kuma mun gan shi yana barci a kan matashi a bayan jirgi, hadari yana tashi. Yohanna Kasiyan, wani mai zuhudu na ƙarni na 5, ya ruwaito cewa wani maharbi ya iske Manzo Yohanna yana wasa da makwarwa, ya yi mamakin babban mutum kamarsa da irin wannan abu. Manzon ya tambaye shi dalilin da ya sa ba ya barin bakansa a ɗame kullum. Maharbin ya amsa cewa in ya yi haka bakan zai saki, ranar harbi ba zai yi ƙarfi ba. Manzon ya nuna masa cewa zuciyar mutum ma haka take.

Barci, abinci da motsa jiki

Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a dare. Wanda ya saba kwanciya da tashi a lokaci guda, jikinsa yakan koyi lokacin. Goro da kofi da shayi mai ƙarfi suna ɗauke da sinadarin da ke kore barci, gara a bar su tun la'asar. Wayar hannu ma a ajiye ta nesa da shimfiɗa. Hotunan kashe-kashe da jita-jitar da ake turowa da tsakar dare ba sa ƙara wa kowa tsaro, sai dai su hana zuciya kwanciya.

Ba mu ce kada a yi tanadi ba. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar, rumbu da adashi kuma hikima ce. Amma tanadi aiki ne da hannu ke yi da rana. Juyi a kan gado da ƙarfe biyu na dare bai taɓa ƙara ƙwaya ɗaya a rumbu ba. A jeji Allah ya ba Isra'ilawa manna ta yini guda guda, wanda ya ɓoye ta kwana kuwa ya tarar ta yi tsutsa. Ubangiji ma abincin yini ya koya mana mu roƙa. Marigayi Paparoma Faransis ya gaya wa iyalai a Manila a watan Janairu na 2015 cewa yana da siffar Waliyyi Yusufu yana barci a kan teburinsa, in wata matsala ta dame shi sai ya rubuta ta a takarda ya sa a ƙarƙashinta. Kowannenmu zai iya yin kamar haka. Kafin kwanciya a rubuta abin da ke damun zuciya da abu ɗaya da za a yi a kansa gobe, a miƙa sauran ga Allah, a rufe littafin.

Game da abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen da muke jefawa a miya uku uku, huɗu huɗu, cike yake da gishiri. Iyayenmu sun yi miya mai daɗi da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Zogale, alayyaho, rama, kuka da wake suna kusa da mu, haka gwanda da gwaiba da lemo a lokacinsu. A sha ruwa sosai, musamman da bazara.

Hukumar ta kuma ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, misali tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar. Manomi da matar da ke daka da ɗiban ruwa sun wuce wannan awo nesa, abin da suke bukata shi ne a rage musu kaya. Ma'aikacin ofis da mai shago da direba da tela, waɗanda ke yini a zaune, su ne za su tashi su taka. Rawar da iyayenmu na Zumuntar Mata ke yi da yabo a bakinsu tana amfanin rai, tana amfanin jiki.

Akwai kuma hutun ƙarya. Burukutu da giya da ogogoro sukan sa mutum ya manta na ɗan lokaci, da safe ya tarar da matsalar tana nan, kuɗin cefane kuwa ya tafi. Giya takan jefa mutum barci da wuri, amma barcin ba ya nisa, takan kuma ƙara hawan jini. Matasanmu da yawa sun faɗa shan tiramadol don su jure aikin ƙarfi, waɗansu kuma maganin tari mai kodin, wanda ɓarnarsa ta sa gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Kada kuma a sayi ƙwayar barci a kemis ba da izinin likita ba. Katikisim ya sa kamewa daga wuce gona da iri a abinci da giya da taba da magani cikin bayanin doka ta biyar, wadda ta hana kisa. Rai amana ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Musa ya zauna yana shari'a daga safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. Musa bai ji kunyar karɓar shawarar ba. A cikinmu akwai wanda shi ne ma'ajin wannan ƙungiya, sakataren waccan, shi ne kuma dukan dangi suka rataya a wuyansa. Ba zunubi ba ne mutum ya ce, cikin ladabi, wannan ya fi ƙarfina.

Muna magana da maza musamman. An koya mana namiji ba ya kuka, ba ya faɗin cikinsa. Abin da aka danne a waje kuwa a gida yake fashewa, a kan mace da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa kada su kwana da fushi. A gaisuwa a ce babu gajiya, ba laifi, amma kowa ya sami mutum ɗaya mai riƙon amana wanda zai gaya wa gaskiya. Waliyyi Toma Akwinas, babban malamin Ikilisiya wanda ya rasu a 1274, ya lissafta abubuwan da ke sassauta baƙin ciki: jin daɗin abu mai kyau, zubar da hawaye, tausayin abokai, nazarin gaskiya, da barci da wanka. Idan kuwa zunubi ne ke cin zuciya, Sakramentin Tuba yana nan, kada a kwana da kayan da Kristi ya riga ya biya.

Addu'a cikin natsuwa

Addu'a ma hutu ce, in an yi ta ba da gaggawa ba. A 2001 waɗansu likitoci a Italiya suka buga sakamakon binciken da ya nuna cewa karanta Rosari a hankali, da Latin, wani ya ja wani ya amsa, yana rage numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, wannan kuwa yana daidaita bugun zuciya. Ba don haka muke yin Rosari ba, muna yi ne don mu yi tunanin rayuwar Yesu tare da Uwarmu Maryamu. Amma abin ya nuna mana cewa wanda ya ba mu addu'a shi ne ya yi huhu da zuciya. In iyali sun taru da dare, a daina tseren ƙarasawa. In fushi ko tsoro ya taso da rana, a zauna, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali da sunan Yesu a zuciya, har sau goma, kafin a buɗe baki. Wanda ya sami hali ya shiga majami'a ya zauna minti goma shiru gaban Sakramenti Mai Tsarki.

In abin ya fi ƙarfin gida

Wani lokaci damuwa takan zama ciwo. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin komai, ci da barci sun rikice, yana ganin ba shi da amfani, ko yana maganar mutuwa kamar Iliya, kada a ce aljanu ne, kada a ce rashin bangaskiya ne, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Ciwo ne mai magani. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna da na Kware kusa da Sakkwato, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne. Sirak sura 38 ta umarce mu mu girmama likita, gama daga Maɗaukaki fasaharsa take.

'Yan'uwa, Ikilisiya takan karanta mana labarin Iliya a Lahadi ta 19 cikin shekara, zagaye na B, tare da Bisharar Yohanna sura 6, inda Yesu ya bayyana kansa gurasar rai. Gurasar da mala'ika ya kawo ta kai annabi Horeb. Wadda muke karɓa a bagade za ta kai mu gida. Mu zo gare ta da gajiyarmu yadda take, mu koma mu yi biyayya ga wanda ya umarce mu mu huta: a auna jini a wannan wata, a kwanta da wuri, a rage wa uwargida da yara masu yi mana aiki kaya ran Lahadi, a kuma ziyarci ɗan'uwan da aka daɗe ba a ji muryarsa ba.

Mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, kai da ka ciyar da bawanka Iliya a jeji, ka dubi 'ya'yanka da kaya ya yi wa nauyi. Ka ba masu aiki ƙarfi, ka ba marasa aiki hanya, ka ba marasa barci barci mai daɗi. Ka koya mana mu yi aikin yau da aminci, mu bar gobe a hannunka. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.